Yadda na gyara taken algaita ga 'yan badujala

A Garwa na tsara wa yaran badujalarmu wani taken algaita don faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasar Kamaru. Ranar gwaji, kafin a kai tsakiya masu tirampet sun shiɗe, waƙa ta tsinke.

Laifina ne. Mai algaita yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci ba tare da ya daina busa ba. Yaranmu ba su koyi wannan ba. Sai na raba su gida biyu, na biyu su shigo kan sautin ƙarshe na na farko don kada a ji gaɓa. Sauti biyun kakaki kuwa na ba masu tirombon.

Tsohon mai algaitarmu ya saurara, ya ce, "Ɗana, yanzu ta ɗinke."