In wani ya haɗa giya da hodar iblis ya faɗi a gabanka, ga abin yi

Mutane gani suke giya daban hoda daban, kowacce da aikinta a jiki. To ba haka bane fa. In suka haɗu a hanta sai ta dama su ta fitar da wani sinadari na uku, cocaethylene, kuma ya fi hodar daɗewa a jini, ita kamar awa ɗaya rabinta ya tafi, shi sai ya kai wajen awa biyu. A 1991 masu bincike a Jami'ar Miami ta Amurka sun gwada shi a jikin ɓeraye suka ga ya fi hodar kanta kisa, a wani binciken daban da aka ba karnuka giya da hoda tare kuwa ƙarfin zuciyarsu ya ragu sosai.

Mugun abun shine hodar na ɓoye maye, mutum zai yi ta kwankwaɗa yana jin garau yake alhali ya wuce misali.

Don haka in ka ga ya dafe ƙirji, zufa na karyo masa, jiki zafi rau, zuciya na dukan uku-uku ko ya fara sambatu da jijjiga, kar ka tsaya wai bari ya ɗan yi barci ya wartsake. Kira lambar gaggawa 112 ko ku nemi mota ko adaidaita sai asibiti. Kafin nan kwantar da shi ta gefe saboda amai kar ya shaƙe shi, sassauta masa riga, jiƙa tsumma da ruwan sanyi kana goga masa a wuya da hammata, a yi ta fifita.

Dan Allah banda ɗura madara ko manja, wannan al'adar tamu huhu take kai abun in mutum baya hayyacinsa. Banda cusa cokali a baki in yana jijjiga, kawar da abun da zai ji masa ciwo kawai. In numfashi ya tsaya ɗora hannuwanka a tsakiyar ƙirji ka dinga dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kar ka daina.

A asibiti kuma nan ake kwafsawa, kunya ta sa a ce ai zazzaɓi ne. Faɗa wa likita gaskiya, me ya sha, nawa, ƙarfe nawa, domin akwai maganin zuciya irin su propranolol da likitoci ke kauce wa in akwai hoda a jini.