Darasi Na Tara: Haƙƙin Unguwa A Kan Mai Sana'a

Kafin mu buɗe littafi, kowa ya amsa wannan tambaya da baki: wace sana'a ce ta fi kusa da ƙofar gidanku? Wani zai ce injin niƙa, wata ta ce gidan burodi, wani kuma garejin kanikawa. To, idan an tashi aiki da yamma, me wannan sana'a take bar wa unguwarku?

Abin karantawa

A wata unguwa da na taɓa zama a nan Zariya, akwai ƙaramin kamfanin ruwan leda. Mai shi mutum ne mai sakin hannu. Duk azumi yakan raba shinkafa da sukari, a yi layi a ƙofar kamfanin, a ɗauki hoto. Amma kwatar da ta bi ta bayan gidajenmu cike take da ledojin ruwansa, har da waɗanda suka fashe a inji aka watso ta katanga. Da ruwan Agusta ya sauko, kwata ta toshe, ruwa ya juyo ya shiga gidaje. Na ga wata tsohuwa tsaye cikin ruwa har ƙauri, ta ɗora buhun masararta a kan turmi, tana kwarfar ruwa da tsohuwar roba. Sauro kuwa bai bar mu ba sai da damina ta ɗauke.

Da aka je wurin Alhajin mai kamfanin, mai unguwa ne ya yi magana. Ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, shinkafa ta shiga gidaje. Amma mudu biyu kwana uku ne ya ƙare. Kwatar nan kuwa da ita muke kwana, da ita muke tashi."

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa zagayawa ta bayan katangar nan ba."

Ni dai na yarda da shi. Da yawa daga masu cutar da maƙwabta ba su da mugun nufi, zagayawar ce ba sa yi. Daga wannan rana ya ɗauki yara biyu suna kwashe leda suna ɗaurewa, 'yan jari-bola suna zuwa suna saye. Abin da ya kashe bai kai kuɗin shinkafar azumi ba, amma damina ta gaba ruwa bai shiga gidan kowa ba.

Mene ne haƙƙin al'umma?

Babu sana'ar da take tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Hanyar da motar kamfani take bi ta jama'a ce. Ruwan da yake zuƙa daga ƙasa shi ne wanda rijiyoyin maƙwabta suke jira. Leburorinsa 'ya'yan unguwa ne, masu sayen kayansa ma haka. Saboda haka jama'a suna bin mai sana'a bashi, ko babba ne ko ƙarami. Wannan bashi shi ake kira haƙƙin al'umma a kan kamfani.

Mutane da yawa sun ɗauka rabon kayan azumi ko gina aji ɗaya a makaranta shi ke nan an sauke nauyi. Kyauta abu ne mai kyau, ban raina ta ba. Sai dai ita ce ta ƙarshe a layi. Abin da ke gabanta shi ne yadda aka samo kuɗin tun farko. Shin mudun cikakke ne, ko an buga masa gindi? Alƙur'ani ya yi sura guda a kan masu tauye mudu, wato Suratul Muɗaffifina, kuma a kan wannan laifi Annabi Shu'aibu ya gargaɗi mutanen Madyana. Shin an biya lebura haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, kamar yadda hadisi ya umarta? Yaron shago da ya yi shekara bakwai yana ɗaukar kaya, an sallame shi da jari, ko an ƙirƙiro masa laifi an kore shi? Baƙin man da bakanike ya juye daga inji, ina ya zuba shi? Mai gidan burodi ya sa sinadarin nan na kumbura burodi da hukumar NAFDAC ta haramta? Mai kayan marmari ya nunar da ayabarsa da kabayid?

Duk wanda ya gaza a nan, to ko ya raba tirelar shinkafa bai biya bashin ba.

Wata kalma a kan zakka, domin ana yawan cakuɗa su. Zakkar dukiyar kasuwanci wajibi ce idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo: ɗaya cikin arba'in, wato naira 2,500 a kowace naira 100,000. Tana da mutanen da aka ayyana a ba. Ba a yin tallar kamfani da ita, ba kuma a yashe kwatar da kai ka toshe da ita.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan haƙƙi doka. A Indiya, dokar kamfanoni ta 2013 ta tilasta wa manyan kamfanoni su kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan ayyukan jama'a. A nan Nijeriya, dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da suka kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata cikin asusun al'ummomin da suke haƙa a ƙasarsu. Ruwa ba ya tsami banza. A 2011, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta ya nuna cewa gyara ɓarnar da malalar mai ta yi wa ruwa da gonaki zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ku duba, ɓarna ce ta wasu shekaru, amma yaron da aka haifa ranar da aka fara gyara sai ya yi aure ya haihu kafin a gama.

Sana'ar da aka gina a kan matsalar jama'a

Akwai wani mataki da ya wuce wannan. Maimakon ka ci riba sannan ka waiwayi jama'a, sai ka duba abin da yake damunsu ka mayar da maganinsa sana'arka. Ana saye, ana sayarwa, ana cin riba, amma kowane ciniki yana rage wa wani wahala.

A 1976, wani malamin jami'a a ƙasar Bangladesh mai suna Muhammad Yunus ya shiga ƙauyen Jobra, ya tarar da mata masu saƙa kujerun gora suna aiki dare da rana, ribar kuwa tana tafiya wurin masu ba su bashi. Ya ranta wa mutum 42 dala 27 kacal daga aljihunsa. Daga nan aka samu Bankin Grameen a 1983, kuma a 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. Na san wasunku za su ce bankin yana karɓar kuɗin ruwa, kuma gaskiya ne, malamanmu sun hana. Abin da nake so mu ɗauka shi ne yadda ya je da ƙafarsa ya tambayi matan, ya gano ɗan ƙaramin jari ne ya tsaya tsakaninsu da cin gumin kansu. Mu ma muna da adashe. A jiharmu ta Kaduna kuma, tun 2012 kamfanin Babban Gona yake haɗa ƙananan manoman masara rukuni-rukuni, ya ba su iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya nema musu kasuwa bayan girbi.

Amma bari mu dawo kan abin da ajin nan zai iya. Mu ɗauki wake.

Kowa ya san yadda ƙwari suke huda wake a rumbu. Shi ya sa wasu suke barbaɗa masa fiya-fiya ko Sniper kafin su ɗinke buhu. Wannan guba ce, kuma cikin tukunyar alale da ƙosan yaranmu take ƙarewa. Saboda ita ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Alhali akwai buhun da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Za ka busar da wake ya bushe ƙayau, ka duba ledojin ko akwai huji, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure ledar ciki ita kaɗai, ka ɗaure ta biyu, sannan ka ɗaure buhun waje. Ka ɗora shi a kan katako inda ɓera ba zai kai ba, kada ka buɗe sai ranar buƙata. Iska ta ƙare wa ƙwarin, su mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Wadda ta ɗauki sayar da wannan buhu a ƙauyukan Giwa ko Soba, tana nuna wa manoma yadda ake ɗaurewa, ta samu abin cefane, ta kuma tsare cikin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Sai dai ku riƙe wannan: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na sha ganin masu kyakkyawar niyya sun fara irin wannan sana'a, tausayi ya sa suna bayarwa bashi ba rubutu, kafin wata shida uwar kuɗi ta narke. Idan sana'ar ta mutu, taimakon ma ya mutu. Don haka sai da lissafi.

Aikin lissafi

Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai. Ku tambayi farashin yau a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ku sake lissafin da shi.

Mu ɗauka mata 10 sun haɗa naira 5,000 kowacce. Jari ya zama naira 50,000. Suka saro buhu 25 a kan naira 2,000 kowane ɗaya, suka sayar naira 2,400. Ribar buhu ɗaya naira 400 ce. Nawa ce ribar buhu 25? Idan sun biya kuɗin mota naira 2,000, nawa ya rage? A raba abin da ya rage gida huɗu: kashi biyu su koma cikin jari, kashi ɗaya na masu jari, kashi ɗaya a asusun unguwa. Nawa ya shiga asusun unguwa? Kowa ya rubuta amsarsa kafin ya duba ta maƙwabcinsa.

Idan kamfani ya zo da tayin taimako

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ku bari a zaɓar muku. Ku zauna da mai unguwa, a kira mata ma su faɗi nasu, domin su ne suka san nisan ruwa da kuɗin 'yan ga-ruwa. Ku tsayar da buƙata guda ɗaya.

Idan rijiyar burtsatse ce, to ku yi tambaya tun kafin a kawo injin haƙa. Duk mun san burtsatsen da aka buɗe da kiɗa, da allo mai ɗauke da sunan wanda ya gina, bayan shekara fanfo ya lalace, awaki suka mayar da wurin makwanci. Idan ya lalace wa zai gyara? Ina ake samun kayan gyaran? Filin na wane ne, kuma ya ba da shi a rubuce? Ku naɗa mutum uku masu riƙon amana, ku yanke ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka domin asusun gyara, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa jama'a duk wata. Ga amfanin karatun da kuke yi. Yarjejeniyar da kuka karanta da idonku kafin ku sa hannu, ba mai juya muku ita.

Aikin gida

Ka zagaya bayan shagonka, ko bayan gidan da kike sana'a, ka rubuta abu biyu da sana'ar take zubarwa da inda suke tafiya.

Sannan kowa ya kwafi wannan wasiƙa da hannunsa, ya cike guraben, ya zo da ita ranar Asabar:

Zuwa ga Manajan Kamfanin ________,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mutanen unguwar ________ muna sanar da kai cewa ________ yana damunmu tun watan ________. Muna roƙon ka ba mu rana ka zo ka gani da idonka, mu zauna tare da mai unguwa mu nemi mafita.

Mun gode. Allah ya ƙara buɗi.

Sa hannu: ________
Kwanan wata: ________