Yadda za ka gane ko salularka ta isa canji ko gyara kawai take so

Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah ƙanena ya same ni ƙofar gida a nan Zango, bayan an sha ruwa. Ya ajiye salularsa kan tabarma ya ce, "Yaya, wannan ta gama aiki. Jika talatin nake so ka cika min in sauya." Kabu-kabu yake yi, kuma da yawa cikin fasinjojinsa ta waya suke nemansa, shi ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba. Na juya bayan wayar, sai na ga murfin ya ɗago daga gefe har farce na shiga. Batir ne ya kumbura. Washegari muka kai ta wurin mai gyara a bakin Kasuwar Dole, aka sa sabon batir, aka fitar da ƙurar da ta toshe ramin caji. Shekara ta zagayo, da ita yake aiki har yau, kuɗin da ya tara kuma taya ya saya wa babur.

Ba cewa nake kada a sayi sabuwa ba. Akwai wayar da riƙe ta asara ce, zan zo kanta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke tafiya kasuwa da gumin wata uku ba mu san me muke gudu daga tsohuwar ba.

Da farko, faɗi laifinta da bakinka

Ka ba kanka mako guda. Duk lokacin da wayar ta ba ka haushi, ka rubuta abin da ta yi da lokacin da ta yi shi: caji ya ƙare kafin la'asar, ta ƙi karɓar hoto ta ce wuri ya cika, ta sanƙare ana cikin kira, sai an karkata wayar caji take ɗauka. Kada ka rubuta "ta tsufa", wannan ba laifi ba ne.

In mako ya ƙare takarda ba komai, to wayar da ka gani hannun abokinka a fada ce ke kiranka. Sha'awa ba haramun ba ce, amma da rarar kuɗi ake biya mata, ba da kuɗin hatsi ko na makarantar yara ba, ba kuma da bashi ba.

Na biyu, batir

A nan zan daɗe, don yawancin wayoyin da ake cewa sun mutu a Damagaram batirinsu ne kawai ya gaji. Batirin salula yana da adadin cikawa da ƙarewar da zai iya ɗauka. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai yin caji kullum zai kai nan cikin shekara ɗaya da rabi. Sauran wayoyi ma irin wannan batirin ne a cikinsu, kuma haka suke raguwa.

Sai zafi. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana rage ƙarfin batir, ragewar da ba ta dawowa. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu wuce 40 ba labari ba ne. Ka haɗa da yadda muke riƙe wayar: cikin aljihun babur rana na dukanta, ƙarƙashin matashi tana caji, ko a shagon caji an jibga ta kan ƴan'uwanta goma, kowace na hura wa ƴar'uwarta zafi. In wuta ta dawo bayan dogon ɗaukewa, kowa ya jona yana kallon bidiyo a lokaci guda, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Batirin da zai yi shekara uku a wata ƙasa, a nan ba lalle ya kai ba.

Gwajin ba wuya. Mai iPhone ya shiga saiti, sashen batir, zai ga lafiyarsa da lamba. In ta sauka ƙasa da 80, lokacin canji ya yi. Mai Android ya cika ta da safe ya yi aikinsa kamar kullum yana lura. In tana kan kashi 30 sai ta faɗo 5 ko ta mutu gaba ɗaya, batir ne. In baya ya ɗago ko gilashi ya fara rabuwa da jiki, ka daina caji nan take. Kada ka danne, kada ka huda, kada ka ɗaure da roba ka ci gaba, don batirin da ya kumbura yana iya kama wuta.

Wurin mai gyara ka tambayi batir kala nawa ne yake da su, ka ɗauki mai kyau ko da ya ɗara kuɗi, kuma a sa a gabanka. Araha ba ta ado, balle a abin da kake kwana da shi kusa da kai.

Na uku, wuri da ƙura da rezo

Waya in cikinta ya cika takan yi nauyi, mai ita ya ɗauka tsufa ne. Buɗe WhatsApp, shiga saiti, sashen ma'ajiya. Zai jero maka duk abin da ya wuce megabait 5 da abin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Za ka sha mamaki: wa'azi guda ya shigo ta rukuni huɗu, bidiyon bikin da ba ka san amarya ba, muryoyin shekara biyu. Goge abin da ba ka bukata, ka kashe saukewa da kanta don sai abin da ka taɓa ya sauko. Hotunan da kake ji da su ka mai da su katin memori in wayar na karɓa. Sannan ka kashe ta ka kunna, ka yi kwana biyu da ita ka gani.

Ramin caji kuwa ƙurar hunturu ce ke cika shi, ta haɗu da zaren aljihu ta dunƙule. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali. Ban da allura, ban da duk wani ƙarfe.

Maganar rezo gajera ce. Cire layinka ka sa a wayar wani, a daidai wurin da kake zaune. In ita ma ta yi shiru, ba laifin wayarka ba ne, kuma sabuwa ba za ta matso maka da eriya kusa ba.

Na huɗu, abin da mai gyara ba ya iya wa

Shiga saiti, can ƙasa inda aka rubuta bayanin waya, ka duba lambar Android ko iOS ɗin da ke kanta da ranar da ta karɓi gyaran tsaro na ƙarshe. Tun Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone da ba ta kai iOS 15.1 ba, wato irin su iPhone 5s da iPhone 6. Iyakar nan gaba take matsawa. In lambar wayarka na dab da ita, ka fara tanadi tun yanzu, kada ka jira safiyar da za ta ƙi buɗewa.

Mai tura kuɗi ko karɓa ta waya, ko mai ajiye lissafin shago a ciki, shi ya fi kowa bukatar kula da ranar gyaran tsaron nan. Wayar da ta yi shekaru ba ta samu ba kamar ɗaki ne da kubarsa ta lalace. Haka wadda ba ta kama 4G sam, da wadda RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take gudanar da manhajoji da ita, gigabait 1 ne: manhajojin yau sun yi mata nauyi, kuma ba a ƙara mata.

Gwaggona tana sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida, masu sayenta har Mirya da Magarya, duk ta hoton da take sawa a WhatsApp. Wayarta gigabait 16 ce, kullum sai ta goge hoto kafin ta ɗauki wani, kuma kyamarar na mai da shuɗi kamar baƙi. Sau biyu aka dawo mata da turmi wai ba shi aka gani ba. Ita tana cewa, "Ai tana kira, ɗana, me zan yi da sabuwa?" Na ce, "Gwaggo, taki ba waya ba ce, shago ce." Ni na matsa mata ta sauya, kamar yadda na hana ƙanena. A wurinta sabuwar waya jari ce.

Na biyar, zauna ka yi lissafi

Raba kuɗin sabuwar da watannin da kake sa ran riƙe ta. A ce jika 90 ce, za ta yi maka shekara uku: wata 36 ke nan, sefa 2,500 kowane wata. A ce kuma gyaran tsohuwar jika 12 ne, zai ƙara mata shekara guda: sefa 1,000 a wata. Ka sa farashin da aka faɗa maka a kasuwa a madadin nawa, ka ga inda ya faɗa. Ka tuna da kuɗin riga da gilashin kariya, da caja in ba ta cikin kwali.

Ni a ganina, in gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa mai daidai da ita, ko kuwa laifi biyu manya sun haɗu, kamar fasasshen gilashi da mataccen batir a wayar da ta daina samun sabuntawa, to a sauya. In laifi ɗaya ne, a gyara.

Na shida, in ka yanke shawarar saye

Kada lambar da ke bayan suna ta ruɗe ka. Tsakanin samfurin bana da na bara sau da yawa bambancin kaɗan ne, kuma da na bana ya iso kuɗin na bara ke sauka. Mai wayar shekara ɗaya ko biyu da wuya ya ji canji a hannunsa. Mai ta shekara huɗu ko biyar shi ne zai ji.

A jikin kwali ka kula da RAM. In ka ga an rubuta 4+4 ko 8+8, lambar farko ce ta gaskiya, ta biyun aro ce daga ma'ajiya kuma ba ta da saurin ta farko. Ma'ajiya kada ta gaza gigabait 64, in da hali 128. Batir mai 5,000 mAh ya dace da garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Yawan megafiksel ba shi ne kyan hoto ba: ɗauki hoto cikin inuwar shagon, ka fito rana ka sake ɗauka, ka duba da idonka. Kuma kada ka ƙara kuɗi don 5G matuƙar abin da ke fitowa saman wayoyin unguwarku 4G ne ko H+.

Kafin ka biya, leƙa wurin mai gyara ka tambaye shi ko ana samun gilashi da batirin wannan samfurin a gari. Tecno da Infinix da Itel duk na kamfani guda ne, Transsion na ƙasar Sin, kuma kayansu sun fi sauƙin samu a wajenmu. Tambayi kuma shekara nawa za ta riƙa samun sabuntawa. Samsung ya yi wa Galaxy S24 alkawarin shekara bakwai a 2024, amma da yawa cikin ƙananan wayoyi masu araha ba sa samun haka.

Wadda aka yi amfani da ita tana iya zama sayen hankali, sai dai tana son natsuwa. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito. Ka gwada ta da ta jikin kwali in akwai. Mai sayarwa ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, ku mai da wayar kamar sabuwa, ka sa naka ka ga ya shiga. In ya ce ya manta lambar sirri, miƙa masa kayansa ka yi gaba. Sa layinka ka yi kira, ka saurari lasifika, ka jona caji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: iPhone da aka sayar a Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ba ta da ramin sa layi ko kaɗan, don haka ka duba gefenta da kyau. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI da sunan mai shago. Wayar da aka tare ka da ita a tasha da rabin kuɗinta, ka bar ta inda ka gan ta, don ranar da mai ita ya biyo sawu a hannunka za a same ta.

Masu aikawa Kano a sayo musu a kasuwar waya ta Farm Centre, ku lissafa da canjin naira da ladan ɗan aike, ku kuma tambayi kanku wa za ku mayar wa in ta ba da matsala bayan kwana uku.

Ranar sauyawa

Kada tsohuwar ta bar hannunka sai sabuwar ta zauna. Mai da lambobin mutane cikin asusun Google, ba kan layi kaɗai ba. Yi wa WhatsApp ajiya. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma ajiyar WhatsApp a ciki take ci, don haka cire bidiyo in wuri bai isa ba. Mai tashi daga Android zuwa iPhone ya sani wannan ajiyar ba ta bin sa kai tsaye, sai an haɗa wayoyin biyu an kwashe tun ranar farko. Rubuta adireshin asusunka da lambar sirrinsa a takarda ka adana a gida, kada ya zama yaron shago ne kaɗai ya san su.

In komai ya koma, ka buɗe manhajar kuɗinka ka ga tana aiki a sabuwar. Sannan ka dawo kan tsohuwar: cire layi, cire katin memori, cire asusun Google, ka goge ta gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani. Bayan nan ne za ka miƙa ta ga mai saye, ko ga ƙaninka da ya daɗe yana jiran ta.