Kurakuran da aka fi yi wajen aiki da koyarwar Buddha a rayuwar yau da kullum

A Tailan da Myanmar, talaka mabiyin addinin Buddha yakan fara ranarsa da zuba dafaffiyar shinkafa a ƙoƙon barar sufaye, wato masu zuhudu na addinin, waɗanda ke zagaya unguwa da sassafe ba takalmi. A Turai da Amurka kuwa, idan mutum ya ce ya kama tafarkin Buddha, sau da yawa abin da yake nufi shi ne ya sauke manhaja a waya, yana zama na minti goma ido a rufe yana bin numfashinsa. Wannan salo na biyu ne ke isowa gare mu ta YouTube da TikTok, kuma a cikinsa aka fi tafka kurakuran da zan kawo. Kusan dukkansu tushensu ɗaya: an tsinko ɓangare guda na koyarwar, mafi daɗin ɗauka, an bar sauran a inda suke.

"Ai ba addini ba ne"

Ana yawan faɗin haka, kuma maganar tana da asali. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts, don masu fama da ciwo mai naci da damuwa. Ya ɗauko dabarar lura da numfashi da jiki, ya tuɓe mata rigar addini da gangan domin kowa ya iya shiga. Wannan dabarar asibiti ce. Koyarwar Buddha kanta tana tsaye ne a kan cewa ana sake haihuwar mutum bayan mutuwa, babu Mahalicci a cikin lissafinta, babu kuma wani rai dawwamamme a jikin ɗan Adam. Wanda ya shiga addinin yakan furta cewa ya nemi mafaka ga Buddha, da koyarwarsa, da jama'ar sufaye. Musulmi ko Kirista na ganin wannan ya san ya yi hannun riga da aƙidarsa, kuma mabiya Buddha na gaskiya ba sa ɓoye hakan. Gyaran shi ne mutum ya kira kowane abu da sunansa, ya san wanne yake yi.

Mayar da tafarkin gaba ɗaya zaman nutsuwa

Wannan shi ne babban kuskure, sauran 'ya'yansa ne. Siddhartha Gautama, wato shi Buddha, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, ya yi huɗubarsa ta farko a Sarnath kusa da Varanasi, a gaban mutum biyar. Ya ce akwai wahala a rayuwa, tushenta kwaɗayi ne mai kama da ƙishirwa, tana iya ƙarewa, kuma akwai hanyar ƙarar da ita. Hanyar tana da rassa takwas: gyara fahimta, niyya, magana, aiki, sana'a, ƙoƙari, lura, da tattara hankali wuri guda. Abin da manhajojin waya ke sayarwa na bakwai ne, da ɗan gutsuren na takwas. Magana da aiki da sana'a, waɗanda ke cinye wunin mutum tun daga safe har dare, ba a cika tallata su ba, don ba su da daɗin ji.

Ɗauki magana kawai. An ce a bar abu huɗu: ƙarya, annamimanci, zafafan kalamai, da surutun banza. Mutumin da ya zauna rabin awa da asuba yana ƙirga numfashi, sannan ya shiga ofis ya kai gulmar wannan wajen wancan, a ma'aunin Buddha bai fara tafiya ba. Dalilin da suke bayarwa a fili yake: zuciyar da ke ɗauke da ƙaryar jiya ba ta zama lafiya, tana ta lissafin yadda za ta rufe ta. Shi ya sa ake sa ɗa'a a ƙasa a matsayin harsashi. Ko a cibiyoyin S.N. Goenka, malamin zaman nutsuwa da ya koma Indiya daga Myanmar a 1969 ya yaɗa zaman kwana goma a duniya, kafin a koya wa kowa komai sai ya ɗauki alkawura biyar: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba kayan maye.

Akwai abin da tarihi ke ƙarawa a nan. Zaman nutsuwa na gama-gari, wanda manomi da ɗan kasuwa ke yi, sabon abu ne. Ya bazu a Myanmar a zamanin mulkin Ingila ta hannun malamai irin su Ledi Sayadaw, daga baya Mahasi Sayadaw. Kafin nan, ɗaruruwan shekaru, addinin mai iyali kyauta ne da kiyaye alkawuran nan. Don haka wanda ke son gyara ya fara daga inda suka fara: ya zaɓi alkawari ɗaya da ya fi yi masa wuya, ya riƙa bin diddiginsa kowane dare kafin ya kwanta. Mafi yawan mutane alkawarin barin ƙarya ne ke kayar da su.

A ɓangaren sana'a ma ba a bar abin a dunƙule ba. An ambaci fatauci biyar da mabiyi zai nisanta: makamai, mutane, dabbobin yanka, kayan maye, da guba.

Wani labari da ya kamata duk mai wannan sha'awa ya sani shi ne na saurayi Sigala a birnin Rajagaha. Buddha ya tarar da shi da sassafe, jiƙe da ruwan wanka, yana sunkuya wa gabas da kudu da yamma da arewa da ƙasa da sama, don mahaifinsa ya bar masa wasiyyar haka. Bai hana shi ba, sai ya sauya masa ma'anar kusurwoyin. Gabas iyaye ne, kudu malamai, yamma mata da 'ya'ya, arewa abokai, ƙasa ma'aikata da barori, sama kuma masu zuhudu. Kowace kusurwa da haƙƙinta a lissafe. Ɗa ya ciyar da iyayen da suka ciyar da shi. Miji ya girmama matarsa, kada ya wulaƙanta ta, kada ya ci amanarta, ya sakar mata ragamar gida, ya yi mata kayan ado. Mai gida ya ba ma'aikaci aiki daidai ƙarfinsa, ya ba shi abinci da lada, ya kula da shi in ya kwanta ciwo, ya ba shi hutu, har ma ya ɗanɗana masa abin marmari in ya samu. A ganina wannan jerin ya fi kowace manhaja amsa tambayar yadda ake aiki da koyarwar a rayuwa, amma da wuya ka ji an ambace shi a bidiyon masu koyar da nutsuwa.

Ɗaukar cewa an hana son komai

Wasu da zarar sun ji cewa kwaɗayi ne tushen wahala, sai su fara jin kunyar neman kuɗi ko son ci gaba a wurin aiki. Sun ɗora wa kansu dokar sufaye alhali su masu iyali ne. Shi dai Sigala ɗin nan an ce masa ya raba dukiyarsa huɗu: kashi ɗaya ya ci, biyu ya juya a sana'a, ɗaya ya ajiye don ranar tsanani. Anathapindika, attajirin birnin Savatthi da ya sayi lambun Jetavana ya ba sufaye, bai bar kasuwanci ba har ya mutu. Shi ne aka lissafa wa daɗi huɗu na mai gida: mallakar abin da ya samu ta halastacciyar hanya, cin moriyarsa, zama ba bashi a wuya, da zama ba abin zargi. Abin da ake yaƙa shi ne maƙalewar zuciya, wadda in abin ya kuɓuce sai mutum ya rasa barci.

Haka batun nama, a taƙaice. Sufayen Sin ba sa ci, na Tailan da Siri Lanka an yarda su ci in ba don su aka yanka ba. Lokacin da wani sufi mai suna Devadatta ya nemi a wajabta barin nama, Buddha ya ƙi. Ba shi ne ma'aunin wanda ya fi wani riƙo ba.

Sanyin zuciya da ake kira natsuwa

Ka taɓa ganin wanda matarsa ke kuka, shi kuwa ya ce mata komai mai wucewa ne, ya koma ɗakinsa? Yana ganin ya kai wani matsayi. Malam Buddhaghosa, wanda ya yi rubuce-rubucensa a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya ce kowace ɗaya daga cikin wasu kyawawan ɗabi'u huɗu na zuciya tana da maƙiyi na kusa, mai kama da ita har a kasa bambancewa, kuma na daidaiton zuciya shi ne halin ko-in-kula. A farkon shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Welwood, ya lura da irin wannan a tsakanin masu zaman nutsuwa: suna fakewa da ibada don gudun fuskantar matsalar aure, ko tsohon rauni, ko bashin da ke kansu.

Ana gane bambancin ta aiki. An ruwaito cewa Buddha ya tarar da wani sufi mai ciwon ciki kwance cikin ƙazantarsa, 'yan uwansa sun yi watsi da shi. Shi da almajirinsa Ananda suka ɗebo ruwa suka wanke shi da hannunsu, sannan ya tara sauran ya gaya musu cewa duk mai son yi masa hidima ya yi wa marar lafiya. Wani sufi ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, da almajiransa, a lokacin yaƙin Biyetnam, fita suka yi suna sake gina ƙauyukan da aka ragargaza. Misalin da ake bayarwa na kibiya biyu ne: ta farko ciwon da ya same ka, ba makawa sai ka ji shi, ta biyu wadda kai ka ƙara wa kanka da "me ya sa sai ni". Ta biyun ake koyon ajiyewa. Wanda ya ce ta farkon ma ba ya ji, a bincike shi.

Karma a matsayin sandar dukan wanda ya faɗi

"Karmarsa ce" ta zama hanyar wanke hannu daga talaka da majinyaci. A koyarwar asali karma niyya ce, abin da mutum ke aikatawa yanzu da gangan ta jiki ko baki ko zuciya. Da wani mai suna Sivaka ya tambaya ko duk abin da mutum ke ji sakamakon tsohon aikinsa ne, an amsa masa da a'a, aka lissafa masa wasu dalilai: rikicewar ruwan jiki, sauyin yanayi, sakaci, da harin da wani ya kai maka. B.R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya shiga addinin a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956 tare da dubban ɗaruruwan 'yan Dalit, mutanen da ake ɗauka mafi ƙasƙancin asali a Indiya, don ya ƙi yarda cewa ƙasƙancin da aka haife su a ciki hukunci ne da suka cancanta. Mai son amfani da karma daidai ya juya ta kan niyyarsa, ya bar lissafin ta maƙwabci.

Zafin farawa

Sona ɗan masu hali ne da ya shiga zuhudu, ya dinga safa da marwa yana zaman lura har tafin ƙafarsa ya fashe da jini, ya fara tunanin komawa gida. Da yake makaɗi ne a da, sai Buddha ya tambaye shi ko tsirkiyar da aka ɗaure tamau tana ba da amo, ko wadda ta yi sako-sako. Ya gane. Har yau ana maimaita kuskurensa: wanda bai taɓa zama na minti ashirin ba sai ya yi rajistar kwana goma na shiru, tashi ƙarfe huɗu na asuba, zama wajen awa goma a wuni. Wasu suna fitowa lafiya, wasu ba haka ba. Binciken da Willoughby Britton da abokan aikinta na Jami'ar Brown suka wallafa a 2017 ya tattara bayanan masu zaman nutsuwa da suka gamu da firgici, rashin barci, da dawowar tsofaffin abubuwan tashin hankali. Mai fama da ciwon damuwa ko taɓuwar ƙwaƙwalwa ya fara ganin likita, kada kuma ya ajiye maganinsa don wani ya ce numfashi ya wadatar.

Tsakanin ƙin malami da miƙa masa wuya

Masu tafiya su kaɗai suna son kafa hujja da jawabin da aka yi wa mutanen Kalama a garin Kesaputta, wai an ce kada ka yarda da komai sai abin da hankalinka ya kama. Rabin maganar suka ɗauka. An ce kada a dogara da jita-jita ko gado ko girman malami, amma a cikin jerin har da hasashe da ra'ayin da mutum ya ga ya kwanta masa. Ma'aunin da aka ba su shi ne a duba ko abin yana jawo cuta in an aikata shi, da kuma ko masu hankali suna zarginsa. Ananda ya taɓa cewa abokin kirki rabin tafarkin ne, aka gyara masa cewa shi ne tafarkin duka. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, dole sai da wanda zai ce masa ka kauce.

Sai dai wasu sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. A 2017 tsofaffin almajirai takwas na Sogyal Rinpoche, shugaban ƙungiyar mabiya Buddha ta Rigpa, suka rubuta wasiƙa suna zarginsa da duka da lalata da almubazzaranci. Ya sauka daga muƙaminsa, binciken lauyoyi da aka fitar a 2018 kuma ya gaskata da yawa daga zarge-zargen. An shafe shekaru ana gaya wa waɗanda abin ya shafa cewa dukan ma darasi ne. Tsohuwar koyarwar ta riga ta ba da hanyar gwaji: ana sanin ɗa'ar mutum ta zama da shi na dogon lokaci, gaskiyarsa ta mu'amala, ƙarfin zuciyarsa a ranar masifa, iliminsa ta tattaunawa. A aikace, a duba wa ke riƙe da kuɗin cibiyar, ko ana iya musa wa malamin a gaban jama'a, da yadda ake ambaton waɗanda suka bar wurin. Malamin da ya karya alkawura biyar ɗin da yake ɗora wa sabon shiga, aka yi masa magana bai daina ba, shawarar da Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, ya ba malaman Turai da Amurka a Dharamsala a 1993 ita ce a fito da sunansa fili, ko da a jarida ne.