Yadda ake aika furotin cikin fulastid, a tsiro da a ƙwayar zazzaɓin cizon sauro

Fulastid ɗan ɗaki ne a cikin ƙwayar halitta. A ganye shi ne kulorofulas mai sarrafa hasken rana. Ƙwayar Plasmodium mai jawo zazzaɓin cizon sauro, da 'yar'uwarta Toxoplasma, su ma suna da nasu, afikofulas, wanda aka tabbatar da shi a 1996. Ba ya aikin haske, amma in babu shi ƙwayar ba ta kai labari. Kulorofulas da afikofulas duk ba sa ƙera yawancin furotin da suke amfani da shi. A waje ake ƙerawa, sannan a shigo da shi. Mai son aika nasa furotin ciki dole ya bi hanyar da ƙwayar ke bi.

Da farko ka zaɓi abin da za ka iya gani. An fi amfani da GFP, furotin mai ƙyalli kore a ƙarƙashin madubin bincike. Shi kaɗai ba ya zuwa ko'ina, a ruwan ƙwayar yake zama.

Sai ka liƙa masa adireshi a goshi, kamar yadda ake rubutawa a bayan ambulan. A tsiro, adireshin guntun jerin amino asid ne (tubalan da ake gina furotin da su) a farkon furotin, mai yawan nau'in serin da tironin. Ana ɗauko shi daga furotin da aka san gidansa kulorofulas ne, misali ƙaramin ɓangaren furotin Rubisco, wanda ke kama iskar kabon a ganye. Ka haɗa DNA ɗinsa da na GFP, ka sa a cikin ƙwayar, sauran aikin nata ne. Tantani biyu ke kewaye da kulorofulas. A na waje, wasu furotin biyu, Toc159 da Toc34, su ke gane adireshin, su miƙa furotin ga ramin Toc75. Ƙofar TIC ta karɓe shi a na ciki, wasu furotin masu cin ATP, makamashin ƙwaya, su jawo shi a warware. Yana isa, wani enzayim ya datse adireshin, furotin ya naɗe ya kama aiki.

A Plasmodium ne abin yake da wuya, don tantani huɗu ne ba biyu ba. Dalili kuwa, kakan ƙwayar ya haɗiye jan gansakuka ne ɗungurungum, ita kuma da nata fulastid tuni. Saboda haka adireshi biyu ake jerawa. Na farko yana kai furotin cikin ER, bututun da ƙwayar ke fitar da kaya ta cikinsu, a can ake yanke wannan adireshin na farko. Na biyu, mai yawan amino asid laisin da asfarajin, sai a lokacin yake bayyana, shi ke karkatar da furotin zuwa afikofulas. A tantani na biyu daga waje akwai abin ban mamaki: na'urar da asalinta ta fitar da gurɓataccen furotin daga ER ce, ita aka mayar ta shigo da kaya, da furotin Der1 da Cdc48 a cikinta. Tantani biyun ƙarshe kuma, Toc75 da Tic20 ne, irin na tsiro. Masu bincike sun saba aron adireshin ACP, wani furotin da gidansa afikofulas ne, don wannan aiki.

Kada ka tsaya a haɗin adireshi da GFP iri ɗaya, nan mutane ke yin sakaci. Ka yi uku. Mai cikakken adireshi zai ba ka ɗigon kore guda kusa da cibiyar ƙwayar, wanda ke miƙewa yana yin rassa yayin da ƙwayar ke girma. Wanda ka cire wa ɓangare na biyu zai wuce waje, ya taru a jakar da ke kewaye da ƙwayar cikin jan jini. Wanda ka cire wa na farko zai bazu cikin ruwan ƙwayar gaba ɗaya.

Ƙyalli kaɗai ba hujja ba ne, domin furotin na iya maƙalewa a bakin ƙofa ya yi haske kamar ya shiga, ga kuma maitokondiriya, ɗan ɗakin da ke samar wa ƙwayar makamashi, manne da afikofulas, har ana iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan. Ka rina da alamar da aka san ta afikofulas ce, ka ga ko sun hau juna. Sannan ka ware furotin bisa nauyi a kan jel. Layi biyu za ka nema: mai nauyi da adireshinsa, da maras nauyi wanda aka riga aka datse a ciki. In na biyun bai fito ba, furotin bai ƙetare tantani na huɗu ba.