Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen gilashin zum na Sigma ko Tamron

Duk wanda ya ɗan jima da kyamara a hannu, akwai ranar da gilashin 18-55mm da ta zo da shi zai fara gundurarsa. Da rana tsaka aikinsa ba laifi, amma da an shiga ɗaki ko duhu ya fara kawo jiki, sai hoto ya riƙa fitowa dishi-dishi. Dalili kuwa, idonsa, wato ƙofar da haske ke shiga, yana tsukewa zuwa f/5.6 idan ka jawo shi ƙarshe (yawan lambar f, ƙarancin hasken da ke shiga). Gilashin da ke tsayawa a f/2.8 daga farko har ƙarshe yana shigo da hasken da ya ninka wannan sau huɗu. Na kamfanin da ya ƙera kyamarar tsada gare shi, shi ya sa ido ke komawa kan Sigma da Tamron, kamfanoni biyu masu ƙera gilasan da ke shiga kyamarorin wasu kamfanoni. Kayansu na da kyau. Yawancin masu da-na-sani, a wajen zaɓe suka yi tuntuɓe, domin sun duba gilashin sun manta da kyamarar da za su ɗaura shi a kai.

Tuntuɓen farko shi ne girman sensa, wato faifan cikin kyamara da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Haruffan nan da ke jere a bayan sunan gilashi ba don ado aka sa su ba. A wurin Sigma, DC na ƙaramar sensa ne, wato APS-C, DG na babbar sensa, DN kuma na kyamara marar madubi. Tamron ita ma da nata: Di II na ƙaramar sensa, Di na babba, Di III na marar madubi, sai Di III-A na marar madubi mai ƙaramar sensa. Mutum zai ji ana ta yabon Tamron 28-75mm f/2.8, ya saya ya ɗaura wa Sony a6400 mai ƙaramar sensa. Zai shiga, zai yi aiki, sai dai ƙaramar sensa tana yanke gefen hoto, 28mm ɗin ya koma kamar 42mm. Ranar da aka ce ya ɗauki mutum goma a ɗan ƙaramin ofis, za ka gan shi ya manna baya da bango yana ta cewa a ƙara matsewa. Maganin lissafi ne na minti ɗaya: ninka lambar da 1.5 idan Sony ko Nikon ko Fujifilm ce, da 1.6 idan Canon ce. Mai ƙaramar sensa ya nemi wanda ya fara daga 17mm ko 18mm.

Ko a babbar sensar ma, mutane sun fi kallon lambar ƙarshe, alhali ta farko ce abin dubawa. Tsakanin 70mm da 75mm, taku ɗaya gaba ya cike gurbin. Tsakanin 24mm da 28mm kuwa magana ta sha bamban: na farko yana ganin kusan digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, na biyu kusan 75, kuma idan bango ya tare ka babu wurin ja da baya. To amma wannan faɗin ba kyauta ba ne. Sigma 24-70mm f/2.8 DG DN Art na 2019 ya haura giram 800, bakinsa kuma 82mm ne, don haka duk tacin hasken da za ka ɗaura masa babba ne. Tamron 28-75mm G2 na 2021 giram 540 ne, Sigma 28-70mm kuma 470, dukansu da baki 67mm. A takarda bambancin ba wani abu ba ne, amma wuyan da ya yini ɗauke da kyamara ya san shi. Kafin ka yanke shawara, buɗe hotunanka na watannin baya a kwamfuta ka duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowanne. Idan kullum kana maƙale a ƙarshen faɗi na gilashin da kake da shi, 24mm kake buƙata, ka haƙura da nauyin. Idan a tsakiya kake yawo, ka huta da ɗaukar kaya.

Sai batun hana girgiza, wanda Sigma ke kira OS, Tamron ke kira VC. Gilasai biyun da aka fi haɗa su gasa a ƙaramar sensa su ne Sigma 18-50mm f/2.8, mai giram 290 wanda ba shi da wannan na'ura, da Tamron 17-70mm f/2.8, mai giram 525 wanda yake da ita. Tambayar wanne ya fi ba ta amsuwa sai an san kyamarar. Sony a6700 tana hana girgiza a jikinta, don haka ɗan Sigma ya wadatar. Ita a6400 ba ta da shi, mai ɗaukar bidiyo da hannu a kanta zai fi jin daɗin Tamron. Kuma kada a ruɗe: na'urar rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da yaron da ke gudu. Shi wannan saurin ɗauka yake so, saurin ɗauka kuma haske yake so.

Akwai kuma ɗaukar da ake yi cewa in dai gilashi ya shiga bakin kyamara, shi ke nan an gama. Kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita fokas a jikinsu. Tamron 17-50mm f/2.8 fitowar farko na Nikon shi ma ba shi da shi, sai daga baya aka fito da mai inji. Ka haɗa su biyun, da hannu za ka yi ta murɗawa. Wasu manyan kyamarorin Sony, irin su a9 da a1, ba sa wuce hoto 15 a daƙiƙa da gilashin wani kamfani, ko da da nasu suna wuce haka. Mai hoton wasanni kaɗai wannan zai dama. Canon kuwa sai a 2024 ta bar Sigma da Tamron suka fara fitar da gilasai masu saita fokas da kansu na bakin RF, wato bakin kyamarorinta marasa madubi, kuma da na ƙaramar sensa aka fara. Idan tsohon gilashi za ka ɗaura wa sabuwar kyamara ta hanyar mahaɗi (zoben da ke haɗa baki biyu daban), leƙa jerin dacewa a shafin kamfanin tukuna, ka kuma sabunta manhajar cikinsa.

Wanda ni ya taɓa ci na shi ne dogaro da sharhin intanet. Na karanta yabo har na ƙoshi, na sayi na hannu a wurin wani mutum, na ɗauki hoto biyu na fuskarsa, suka fito tas, na biya. Bayan mako guda na ɗauki wani dogon gini, sai ga tagogin hagu ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, na dama kuwa kamar an shafa musu mai. Wani gilashi na ciki ne ya goce, ƙila faɗuwa ya taɓa yi. Mai sharhi nasa ya gwada, ba wanda ke hannuna ba, kuma ko sababbi fil biyu masu suna ɗaya kan ɗan bambanta.

Gwajin ba shi da wuya. Buɗe ido a f/2.8, sami abu mai nisa kamar hasumiya ko allon talla, saita fokas a kansa a tsakiya, sannan ka kashe saitin atomatik. Ɗauke shi sau huɗu, kowane karo a kusurwa daban. Yi haka a farkon zum, a tsakiya, da ƙarshe, ka faɗaɗa hotunan a kwamfuta. Kusurwoyi su ɗan yi laushi baki ɗaya ba komai ba ne, haka zum yake. Abin gudu shi ne ɗaya ta fita daban da sauran.

Idan kyamararka mai madubi ce, ƙara da gwajin fokas: jera batura biyar a karkace, saita a kan na tsakiya, ka ga ko na gabansa ko na bayansa ne ya fi fitowa. Wannan yana gyaruwa da USB Dock na Sigma ko TAP-in Console na Tamron, ƙananan na'urori masu haɗa gilashi da kwamfuta, amma a sababbin jerin gilasansu kawai, tsofaffin 17-50mm ba sa cikin su. Na hannu kuma, haska tocila ta bayansa ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana komai. Idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, mayar wa mai shi abinsa.