Darasi na 11: Ɗaukar Hoton Siginar Rediyo Mai Rauni da Adana Shi

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da asuba yana neman BBC Hausa ko Muryar Amurka a gajeren zango ya san yadda murya ke zuwa ta gushe, ta sake dawowa cikin shuu. Waɗannan manyan tashoshi ne, masu ƙarfin dubban wat. A tsakankaninsu akwai 'yan rediyon sha'awa: mutanen da suka karɓi lasisi daga gwamnatin ƙasarsu, suka kafa ƙaramar na'ura a gida, suna aika saƙo ga 'yan'uwansu a wasu ƙasashe. Kowanne yana da lambar kira, kuma farkonta ke nuna ƙasarsa. Najeriya 5N ce, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan kuma ST.

Wasu daga cikin 'yan rediyon nan ƙarfin na'urarsu bai kai wat ɗaya ba, amma siginar kan ƙetare teku. Abin da ke taimaka mata shi ne wani sashe na iska can sama wanda hasken rana ke cajawa, yana karkato sigina ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Sashen nan ba ya zama a hali ɗaya. Da rana daban, da dare daban, lokacin fitowar rana da faɗuwarta kuma hanya kan buɗe na ɗan lokaci ta rufe. Abin da kuka gani yau ba lalle ne ku sake ganinsa gobe ba, shi ya sa ake ɗaukar hoto.

Me ya kawo hoto a maganar rediyo? Sigina in ta yi rauni sosai kunne ba ya jin ta, amma kwamfuta na iya zana ta. Manhaja takan mai da sauti zane a kan allo, zanen yana tafiya a hankali. Shuu yakan fito duhu-duhu da ɗigo-ɗigo, sigina kuwa ta fito kamar farin zare a jikin baƙin yadi. Gefe ɗaya na allon yana nuna zango, ɗaya gefen yana nuna tafiyar lokaci.

Ba sai kun sayi rediyo na musamman ba. Jami'ar Twente da ke birnin Enschede a ƙasar Holan tana da na'urar karɓa da ta jona da intanet, ana kiran tsarin WebSDR, kuma kowa na iya buɗewa a waya ko kwamfuta. Ku rubuta 14074 a gurbin kilohaz, wato ma'aunin zango, ku zaɓi salon karɓar sigina mai suna USB, ku faɗaɗa zanen. Za ku ga gajerun sanduna sun jeru, sun ɓace, sun sake fitowa duk bayan daƙiƙa 15. Wannan shi ne FT8, tsarin aika gajerun saƙonni ta rediyo da kwamfuta wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017. Taylor masanin kimiyya ne na Jami'ar Princeton a Amurka, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1993. A kula da data, domin shafin yana ci muddin yana buɗe.

Ɗaukar hoton ba wuya. A yawancin wayoyin Android, a danna maɓallin kunnawa da na rage sauti tare. A iPhone na zamani, maɓallin gefe da na ƙara sauti. A kwamfuta mai Windows, a danna maɓallin Windows tare da PrtScn, hoton zai shiga cikin jakar hotuna da kansa.

Inda aikin yake shi ne abin da ya shiga cikin hoton. Mai koyo yakan ga farin layi, daɗi ya kama shi, ya yanke hoton ya bar layin kaɗai don ya fito da kyau. Irin wannan hoto ba ya shaidar komai. Dole lambobin zango su fito. Dole a san ranar da lokacin. Dole kuma a san inda na'urar karɓar take, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: in kuna zaune a Kano ko Maraɗi kuna kallo ta shafin Twente, abin da kuka gani ya isa Enschede ne, ba garinku ba. Wanda ya ce "na kama Japan daga Kano" alhali ta Holan ya saurara, ya faɗi abin da ba haka ba ne, ko da bai yi niyya ba.

'Yan rediyo a duk duniya agogo ɗaya suke bi, wato UTC, wanda masu sauraro suka fi sani da agogon GMT. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Ghana kuwa daidai take da shi. In agogonku a Zariya ya nuna ƙarfe 7:30 na safe, 06:30 za ku rubuta. A yi hattara da tsakar dare: ƙarfe 12:20 na daren da ya shiga Talata a Najeriya, a UTC har yanzu 23:20 ne na Litinin.

Kada a bar hoto da sunan da waya ta ba shi. A sake masa suna, a fara da shekara, sai wata, sai rana, sai lokaci, sai zango, sai wuri. Misali: 2024-03-09_0630_14074_Twente. Amfanin farawa da shekara shi ne hotunan za su jera kansu bi da bi. A ajiye su a nau'in fayil ɗin hoto na PNG, domin nau'in JPG yakan dama ƙananan ɗigo, kuma sigina mai rauni a cikin ɗigon nan take. Haka WhatsApp yake matse hoto. In za ku tura wa wani, ku tura shi a matsayin fayil. Waya kan ɓata, kan faɗa ruwa, don haka a kwafe hotunan a katin memori ko a wata na'urar. Ni a ganina ƙaramin littafin rubutu ma ya kamata ya kasance a gefe, kowane hoto da layinsa.

Masu kwamfuta da rediyon kansu na iya wucewa gaba zuwa QRSS, wato haruffan tangarahu na Morse, masu ɗigo da ja, da ake aikawa a hankali ƙwarai, ɗigo ɗaya ya ɗauki daƙiƙa 3 ko fiye. Ana yawan samunsu kusa da kilohaz 10140. Lambar kira ɗaya kan ɗauki mintuna kafin ta gama fitowa, ba mai iya zama yana gadin allo dare guda. Manhajoji irin su Argo da Spectrum Lab suna ɗaukar hoton da kansu, misali duk minti goma, mutum ya duba da safe. Sai dai a gidajenmu janareto da inbata da cajar waya mai araha suna cika allon da layukan ƙarya. In kuna shakkar wani layi, ku kashe na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɓace tare da caja, daga ɗakinku ya fito.

Aikin gida: ku buɗe 14074 sau biyu, da hantsi da kuma bayan sallar isha'i. Ku ɗauki hoto kowane lokaci, ku sa masa suna yadda aka nuna, ku rubuta lokacin a agogon UTC. A aji na gaba kowa zai ba na kusa da shi hotunansa, a gani ko zai iya faɗin ranar da zangon da wurin ba tare da ya tambaya ba.